Ƙanena yana shan maganin tarin fuka, yau ya tashi da haɓo da jajayen ɗigo a ƙafa

Maman Ilham, Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min, hankalina a tashe yake. Ƙanena tela ne, shekararsa 27. Ya daɗe yana tari, ga gumin dare ga rama, da aka gwada kakinsa aka ce tarin fuka ne, wato tibi, aka ɗora shi a kan maganin wata shida. Ƙwaya uku yake haɗiya kullum da sassafe kafin ya sa komai a cikinsa. Sati biyar da farawa ya murmure, cin abinci ya dawo, har ya koma shago. Sai aikin ɗinkin biki ya kai shi Kaduna, ya bar maganin a gida, kwana 11 bai sha ba, mu kuma ba mu sani ba. Shekaranjiya da ya dawo ya ci gaba da sha da kansa, bai koma asibiti ba. Jiya da yamma ya yi ta rawar sanyi da ciwon jiki. Yau da asuba haɓo ya ɓalle masa, da ƙyar ya tsaya, yana aswaki kuma dasashinsa na jini. Na duba ƙwaurinsa na ga wasu ƙananan ɗigo jajaye-jajaye birjik kamar an yayyafa barkono. Fitsarinsa dama ja ne tun ranar da ya fara maganin, sun ce mana wannan ba komai. Hajiyarmu ta ce zafi ne ya yi masa yawa, a kira wanzami ya yi masa ƙaho a cire mataccen jini. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham ki kwantar da hankalinki, zafin nan da ake yi a Kano wa bai yi haɓo ba? Yarana biyu a satin nan sun yi. A jiƙa tsumma a ɗora masa a goshi, ya sha ruwa sosai. Babban abu kada ya sake barin maganin. Allah ya ba shi lafiya.

Hajiya 'Yar Fagge:
Allah ya sa kaffara ne. A dafa masa zogale da hanta, a haɗa masa ugu da madara, jini ne ya yi ƙasa. Maganin nan cin jini gare shi, kowa ya sani.

Malamar Asibiti:
Maman Ilham, ki ajiye waya ki kai shi asibiti yanzu, kada ki bari sai yamma. Babban asibiti mai ɗakin gwaji, ɓangaren gaggawa. Ki tafi da katinsa na tibi da ragowar maganin, ki gaya musu a baki ɗaya: ya tsallake kwana 11, ya koma sha, ga haɓo ga jinin dasashi ga ɗigo a fata. Kada ya ƙara haɗiyar ƙwayar nan sai likita ya gan shi. Ƙaho kuwa, don girman Allah ki roƙi Hajiyarku ta haƙura. Kada a tsaga shi, kada a yi masa allura a kemis, kada a ba shi asfirin ko ibufurofen ko diklofenak ko hodar ciwon jiki ta leda. Idan haɓon ya dawo a hanya, ya zauna ya sunkuyo gaba, a matse tattausan hancin minti goma ba a saki ba. Ki tafi, bayani zai biyo baya.

Maman Ilham, Gwammaja:
To Anti, na gode. Ga mai gidana ya fito da mota. Asibitin Malam Aminu Kano za mu nufa.

Ɗan Kwari:
Malama, ba gardama nake ba, amma kullum ku ne kuke ce mana ko me aka ji kada a daina maganin tibi. Yau kuma ke da bakinki kin ce ya tsaya. Wanne za mu kama?

Malamar Asibiti:
Alhaji tambayarka a kan hanya take, bari in warware. Shekarata tara ina raba maganin nan. Ƙwayar da ake sha a wata biyun farko magani huɗu ne aka cure wuri guda: rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da etambutol. Wata huɗun ƙarshe biyun farko kaɗai ake ci gaba da su. Yawancin abin da mutane ke ji a kansu ba ya kai a tsaya: tashin zuciya, ɗan ƙaiƙayi, ciwon gaɓoɓi da firazinamid ke kawowa, fitsari da gumi har da hawaye su koma launin ruwan goro. Wannan launin rifamfisin ne kawai yake fita, babu jini a ciki. Irin waɗannan muke cewa a ci gaba da sha, a zo a faɗa mana mu taimaka.

Amma akwai 'yan alamu da duk ma'aikacin tibi ya san idan ya gan su magani ake dakatarwa a ranar. Zubar jini ba dalili tana cikinsu. A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da aikinsu toshe kafa idan jijiya ta huje, su ne ke sa jini ya daskare, a asibiti filatilet muke ce musu. Wani mutum, ba kowa ba, ba ma da yawa ba, garkuwar jikinsa sai ta ɗauki rifamfisin a matsayin abokin gaba, ta ƙera makamin yaƙarsa, makamin kuma ya riƙa faɗa wa filatilet. An fi ganin haka ga wanda yake shan maganin yau ya bari gobe, ko ya yi hutu ya dawo. A kwanakin hutun makaman suna taruwa, ranar da ƙwayar ta sake shiga sai su rufar wa filatilet gaba ɗaya, cikin awoyi kaɗan adadinsu ya zube. Rawar sanyi da ciwon jikin da yaron nan ya yi jiya ma suna cikin labarin. Ban ce tabbas shi ne ba, maleriya ma tana sauke filatilet, gwaji ne zai raba gardama. Amma abin tsoron shi ne jinin da ke fita ta hanci zai iya fita a cikin ciki ko a ƙwaƙwalwa, inda ba mai gani. Yanzu ka duba a ce an kafa masa ƙaho an tsattsaga bayansa.

Ɗan Kwari:
Subhanallahi. Na janye maganata ta zafi.

Mai Ɗakin Gwaji:
Ƙari a kan bayanin Malama. Lafiyayyen mutum filatilet ɗinsa tsakanin 150,000 ne zuwa 450,000 a ma'aunin da muke amfani da shi. Idan suka yi ƙasa da 20,000 jini kan iya zuba ba tare da an ji ciwo ba. Sannan a lura, gwajin PCV da aka saba yi a ƙananan wurare ba ya nuna su ko kaɗan, jajayen ƙwayoyi kawai yake aunawa. Mutum zai iya samun PCV mai kyau alhali filatilet ɗinsa sun ƙare. Cikakken ƙidayar jini ake nema, wanda likitoci ke rubuta FBC. Ɗigon fatar kuma ga yadda ake bambance shi da ƙurajen zafi: ba ya tudu, yawanci ba ya ƙaiƙayi, idan ka danna shi da gindin kofin gilas ba ya ɓacewa. A baƙar fata yana wuyar gani, sai a duba cikin leɓe, da saman ganɗa, da ƙwauri.

Hajiya 'Yar Fagge:
To ni maganar cin jini da na yi fa? 'Yar ƙanwata da ta yi tibi fari fat ta koma, tafin hannunta kamar takarda. Ba maganin ba ne?

Mai Ɗakin Gwaji:
Hajiya, sau da yawa cutar ce da kanta, tun kafin a fara magani. Mafi yawan masu tibi da ke zuwa mana jininsu a ƙasa yake ranar farko. Ciwon da ya daɗe a jiki yana sa jiki ya kulle sinadarin ƙarfe a ma'ajiyarsa ya hana ɓargo amfani da shi, ga rashin cin abinci na watanni. Shi ya sa za ki ga an shanye kwalabe na maganin ƙarin jini ba wani canji, amma da magani ya fara kashe ƙwayar cutar sai jinin ya riƙa hawa da kansa. Zogale da hanta da wake da ƙwai duk abinci ne mai kyau, a ba su. Sai dai ba sa maye gurbin gwaji. Inda maganin ke da hannu shi ne isoniyazid, yana cinye bitamin B6, rashinsa kuma kan hana ɓargo haɗa jini yadda ya kamata a wasu mutane. Rifamfisin ma, nadiran, yana farfasa jajayen ƙwayoyi. Idan jini yana ƙara sauka bayan wata ɗaya ko biyu ana magani, maimakon ya hau, to a nan ne ake bincike.

Baban Sadik, Ɗorayi:
Ni na sha maganin nan wata shida cif, na warke alhamdulillahi. Abin da zan faɗa zai yi wa wasu ɗaci. Ranar da aka ba ni magani, wanda ya miƙo min ko ɗago kai bai yi ba. Layi ya yi tsawo, ya ce sha uku kullum, dawo bayan sati biyu. Washegari na ga fitsarina ja, na ɗauka ƙodata ce ta fashe, kwana biyu na ɓoye maganin a ƙarƙashin katifa. Maƙwabcina da ya taɓa yi ne ya ce min launi ne kawai. A wata na uku tafin ƙafata ya fara zugi kamar na taka garwashi, da dare ba barci, yatsun kuma kamar ba nawa ba. Wata guda ina fama kafin wata nas ta ce ai B6 ya kamata a haɗa min tun farko, ƙaramar ƙwaya mai araha. Da an yi min bayanin minti uku ranar farko, duk wannan wahalar da ban sha ta ba. Yaron nan da ya tafi Kaduna, wa ya zaunar da shi ya ce masa hutun kwana goma sha ɗaya yana da haɗari har ta wannan fuskar?

Malam na Ƙofar Mata:
Baban Sadik na ji ka, amma ina da ja. Mutanenmu ka san su. Ka ce wa mutum wannan ƙwayar za ta iya taɓa hantarka, ta taɓa idonka, ta zubar maka da jini, wallahi daga ƙofar asibiti Kasuwar Kurmi zai wuce ya nemi sassaƙe. Ko wannan zaren da muke yi, ina tsoron wani mai shan magani ya karanta ya ajiye. Wani lokaci shirun ma'aikata hikima ce.

Baban Sadik, Ɗorayi:
Malam, da girmamawa, ni shirun ne ya sa na ajiye. Wanda aka gaya wa fitsarinka zai yi ja, idan ya gani sai ya ce ga abin da aka faɗa, ya ƙara yarda da mai maganin. Wanda ba a gaya wa ba shi ke gudu.

Malam na Ƙofar Mata:
Jan fitsari daban, maganar makanta daban. Wannan kowa zai gani, wancan kuwa mutum nawa yake samu?

Malamar Asibiti:
Malam, Allah ya gafarta, kaɗan ne ƙwarai ke samu, kuma shi ya sa faɗar take da amfani. Etambutol idan ya fara taɓa jijiyar ido, mutum yana ganin hazo ko ya kasa raba ja da kore. Idan ya zo da wuri aka cire shi, galibi gani yana dawowa. Idan bai san alaƙar ba, ya ce tsufa ne ko hasken waya, ya ci gaba da sha, nan ne ake asara. Ɗan adaidaita sahu da ba ya bambance fitilar danja ai ba shi kaɗai abin ya shafa ba.

Baban Sadik ya faɗi gaskiya, kuma ba zan kare mu ba. Wata rana mutum ɗaya ne da rajista da awo da rabon magani, amma wannan bai zama uzuri ba. Ni abin da nake gaya wa kowa ranar farko bai fi numfashi biyu ba. Ina cewa: fitsari zai yi ja, kada ka damu. Idonka ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ka ga jini, ko ganinka ya canza, ko fatarka ta yi ƙuraje tana saɓulewa har da baki, to kada ka sha na gobe, ka zo wurina a ranar. Ban da waɗannan, ko me ka ji ka ci gaba da sha ka zo mu yi magana. Sannan in gaya masa ɗaya gefen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tibin da ba a yi wa magani ba yana kashe kusan rabin masu shi, wanda kuwa aka yi wa magani, kusan 85 cikin 100 suna warkewa. Ban taɓa ganin wanda ya gudu saboda wannan bayanin ba. Waɗanda suka ɓace min, yawancinsu sauƙi suka ji a wata na biyu suka ɗauka an gama.

Malam na Ƙofar Mata:
Idan haka ake faɗa, a haɗe da juna, ba ni da ja. Tsorona a faɗi rabi a bar rabi.

Inna Mai Ƙosai, Kurna:
Ku yi maganar ciwon shawara don Allah. Mijina da idonsa ya yi ɗorawa yana cikin magani, 'yan uwansa jiƙo suka kawo jarka guda, suka ce shawara ba a kai ta asibiti, allura ce ajalinta. Kwana biyar yana haɗa jiƙon da ƙwayar tibi. Da aka kai shi ba ya gane mutane. Allah ya yi da sauran kwana, sati uku muka yi a kwance.

Malamar Asibiti:
Inna sannu, Allah ya ƙara masa lafiya. Wannan ta fi zubar jini yawa nesa ba kusa ba. Cikin magungunan huɗu, uku hanta ce ke ɗaukar nauyinsu, etambutol ne kaɗai ba ruwansa da ita sosai. Mai ciwon hanta nau'in B, wanda muke da shi da yawa a nan kuma da dama ba su san suna ɗauke da shi ba, da mai shan giya, da dattijo, da wanda ya rame ƙwarai, su suka fi shiga haɗari. Inda ake ruɗewa: an saba gane shawara da fitsari, to ga fitsari dama ya canza launi. Saboda haka farin ido za a duba, a hasken rana, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Idan an dakatar da magani hanta ta huce, likita yakan dawo da su ɗaya bayan ɗaya yana gwaji, yawanci a ƙarasa lafiya. Jiƙo a kan hantar da ta riga ta kumbura ƙarin kaya ne, haka yawan farasitamol.

Amaryar Hotoro:
Tunda mata na nan bari in faɗa, ko kunya ba zan ji ba. Ina da ashanar tazarar haihuwa a hannu lokacin da na fara maganin tibi, yarona wata takwas. A wata na huɗu sai ga ciki. Daga baya likita ya ce rifamfisin yana sa hanta ta narkar da maganin tazarar haihuwa da sauri, ƙwaya da ashana duka. Da na sani da robar mahaifa aka sa min. Na haihu lafiya, maganin ma na ƙarasa da cikin, da B6 a haɗe, amma jikina ya ji jiki.

Malamar Asibiti:
Haka yake ƙanwata. Kuma ba tazarar haihuwa kaɗai ba. Mai shan warfarin na tsinka jini, da wasu magungunan suga, da masu shan maganin HIV, duk sai an sake lissafi. Dolutegrabir na HIV, misali, sau biyu a rana ake mayar da shi muddin ana tare da rifamfisin. Duk abin da mutum yake sha ya zuba a leda ya kawo a gani.

Ɗan Sahu na Rijiyar Lemo:
Nawa tibin mai taurin kai ne, wanda ba ya jin maganin farko. Sau biyu ina farawa ina bari, ni na jawo wa kaina. A Asibitin Zana aka duba ni. Cikin sabon haɗin akwai wani linezolid, tun ranar farko suka ce min yana iya danne ɓargo, don haka ana ɗibar jinina a kai a kai. A wata na biyu na fara haki ko bokiti na ɗaga, gwaji ya nuna jini ya sauka, likita ya gyara min maganin, ya dawo daidai. Waɗanda suka riga mu allura suka sha wata da watanni, na san wani da kunnensa ya tafi har yau.

Mai Ɗakin Gwaji:
Gaskiya ne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin wata shida na ƙwayoyi zalla ga irin wannan tibin, linezolid yana ciki, kuma shi ne gwajin jini ya zama dole a kansa ko mutum bai ji komai ba.

Maman Ilham, Gwammaja:
'Yan uwa ku yi haƙuri da shiruna, sai yanzu na zauna. An kwantar da shi. Filatilet ɗin 14,000 aka samu, babu maleriya, PCV ɗinsa 34. Likita da ya ji maganar ƙaho sai da ya ajiye biro ya dube ni. Sun tsayar da maganin tibin gaba ɗaya, sun ce kada ya yi aswaki ko buroshi, kada ya yi yawo shi kaɗai ko banɗaki. Hajiya tana nan gefensa tana ta kuka tana sa wa Anti albarka, ba ta ma san ki ba.

Malamar Asibiti:
Amin, ki gaishe min da Hajiya, ki ce mata ba ta yi laifi ba, abin da ta gada ta sani. Abu ɗaya ki riƙe da kyau. Idan likitoci suka tabbatar rifamfisin ne, ba zai sake shan sa ba har abada, ko bayan shekara ashirin. A rubuta a katinsa da manyan baƙi, shi ma ya haddace sunan. Kada wani ya ce a gwada rabi a gani.

Ɗan Kwari:
To tibin fa? Ya tashi a tutar babu ke nan?

Malamar Asibiti:
A'a Alhaji, akwai hanya. Za su haɗa masa wani jerin da babu rifamfisin, sai dai zai wuce wata shida, kuma ƙwayoyin a rarrabe za su zo. Kyauta ne kamar na farko.

Maman Ilham, Gwammaja:
Yau kwana shida. Filatilet sun hau 132,000, haɓo bai dawo ba, ɗigon ƙafar sun koma ruwan ƙasa suna bajewa. Fitsarinsa ya washe, shi da kansa ya yi mamaki. Sun ce gobe za su fara mayar masa da sauran magungunan ɗaya bayan ɗaya suna duba jinin, kuma sun sake karɓar kakinsa saboda hutun da ya yi. Na karɓi aikin ba shi magani da hannuna kowace safiya, mai gidana ya amince ya dawo ɗakin zaurenmu har ya gama. Anti, yaran shagonsa uku da suke kwana tare, ɗaya yana tari kusan sati uku. Ina zan tura su?

Malamar Asibiti:
Duk ukun, har da waɗanda ba sa tari, da Hajiya, da yaranki tunda zai zauna da ku. Asibitin gwamnati mafi kusa da ku mai sashen tibi, gwajin kaki kyauta ne. Idan ba ku san wanda ya fi kusa ba ku kira 3340, ba a cirar kuɗi. Mai tarin ya fara zuwa, gobe da safe.